Abincin Yini a Lafiyan Barebari

Wanda ya taso daga Akwanga ya nufi kudu, ƙasa za ta sauya masa fuska kafin ya kai Lafiya. Da farko duwatsun Eggon ne ke yi wa mota rakiya, hanya tana hawa tana gangarowa a gindinsu, direbobi suna rage gudu a wuraren da aka sha yin asarar rayuka kafin a mayar da titin tagwaye. Ana wuce Nasarawa Eggon sai ƙasa ta kwanta. Daga nan kunyoyin doya ne da gonakin rogo iya ganin ido, da itatuwan mangwaro da na yazawa, da mata a bakin titi sun jera lemu a faranti suna ɗaga wa matafiya hannu. Ba mu yi nisa da Akwanga ba na hangi allon Alushi, inda hedkwatar ikilisiyar ERCC take, na kuwa gyara zama, domin abin da ya kawo ni wannan ƙasa yana da saiwa a wurin.

Lafiya garin Barebari ne a asalinsa. Muhammadu Dunama ne ya kafa shi tare da jama'arsa da suka baro ƙasar Barno, shi ya sa har gobe ake cewa Lafiyan Barebari. Sarkin yanzu, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne, ya hau gado a 2019 bayan rasuwar Alhaji Isa Mustafa Agwai, wanda ya haura shekara 40 a kan karaga. Ran 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama babban birninta, kuma tun daga ranar garin yake faɗi. Ma'aikata suka taru, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, unguwanni irin su Bukan Sidi da Ombi da Shabu da Tudun Kauri suka cinye gonakin da ke kewaye da su. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya nufi Kafanchan yana nan ya ratsa garin, amma tashar ta yi shiru, manyan motoci ne yanzu ke kwashe doya da agushi da riɗi.

A kasuwa ake gane ko su wane ne mutanen gari. Na tsaya wajen masu doya, inda ake ciniki da ƙwarya, wato doya ɗari, na kasa kunne. Mai kaya tana yi wa 'yarta magana da Eggon, masu lodi suna zolayar juna da Tibi, wasu mata biyu suna gaisawa da Alago, ga Gwandara, ga Migili, ga Mada, ga Bafulatana da nononta, ga ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan gini. Da an zo kan kuɗi kuwa, sai kowa ya juya Hausa: nawa, albarka, ƙara dai, na sallama. Kowa da harshen ɗakinsu, Hausa ce tsakar gidan da ake haɗuwa. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane abin da na gani a shagunan littattafai ba.

Na zo a watan Disamba ne da gangan, domin a lokacin littattafan ibada na sabuwar shekara suke isowa. Kiristan wannan ƙasa yana da sayayya biyu a ƙarshen shekara: kayan Kirsimetin yara, da ɗan littafin da iyali za su riƙa buɗewa kowace safiya daga 1 ga Janairu. Ba a manyan kantuna ake samunsa ba. Yawanci ɗan shago ne a jikin katangar majami'a, ko tebur da ake fitarwa ran Lahadi bayan an tashi sujada, ko shagon da ya haɗa littattafan makaranta da na addini da kalanda. Na shiga ɗaya a gefen hanyar Jos. Mai shagon, mace mai matsakaicin shekaru, tana sunkuye kan kwalayen da aka sauke mata daga mota da safe, tana yanke igiya da reza. Ƙamshin sabuwar takarda ya cika ɗakin, ya gauraya da ƙurar hunturu.

Kowace ɗarika da nata. ECWA tana fitar da Abincin Yini da Hausa, da ɗan'uwansa na Turanci, Food for the Day. Anglika suna da Daily Fountain. Ƙungiyar Scripture Union tana da Daily Guide na manya da Daily Power na matasa, waɗanda duk wanda ya yi makarantar kwana zai tuna da su. Sai na manyan majami'un Fentikos: Open Heavens na Fasto Adeboye, Daily Manna na Deeper Life, Rhapsody of Realities na Christ Embassy, da Seeds of Destiny na Fasto Paul Enenche, ɗan Binuwai maƙwabciyar Nasarawa. A wani lungu ga kayan 'yan Katolika, katekisim da littafin addu'o'i da rosari kala-kala. Can sama, inda hannun yara ba ya kaiwa, Littafi Mai Tsarki ne manya da ƙanana, wasu da zif, sai Littafin Waƙoƙi. Tsarin littattafan ibadar kusan ɗaya ne. Kowace rana da shafinta: a sama wurin da za a buɗe a Littafi Mai Tsarki, sai gajeren bayani, sai tambaya ko abin tunani, sai addu'a.

Na bi kantocin da ido ina neman na Hausa. Duka-duka ba su cika kanta guda ba. Sauran bangon na Turanci ne, da yawa daga Legas da Ibadan, wasu daga Amurka, kan aure da renon yara da shugabanci da sirrin nasara. Na tambayi matar wanne ya fi tafiya. Ta miƙe ta kakkaɓe hannu, ta ce, “Malam, na Hausa ba ya kwana. Isa ne ba ya yi.”

Mai karatu daga Kano ko Katsina zai iya mamakin yadda Hausa ta zama harshen sujadar mutanen da ba Hausawa ba. Labarin ya daɗe. Tun a shekarun 1850 wani Bajamushe mai suna Schön ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a Ingila, da taimakon Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Baturen nan mai yawon bincike, Barth, zuwa Turai. Aikin bai kammala ba sai a hannun Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa Turawa da Hausawa, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Masu mishan sun zo ne da niyyar Hausawa, amma sarakuna da gwamnatin Turawa ba su sakar musu mara a manyan birane ba, sai suka juya ga ƙabilun tsakiyar ƙasa. Can suka tarar da harsuna barkatai, kowane dutse da nasa, babu mai iya fassara littafi cikin dukansu. Hausa kuwa ta riga ta bi fatake da 'yan koli da masu haƙar kuza ta shiga ko'ina, sai aka ɗauke ta.

A wannan yanki reshen Afirka ta Kudu na mishan ɗin SUM ne ya yi aikin. ERCC, wadda ta fito daga aikinsu, tana lissafin farkonta daga 1916, kuma tsofaffi har yanzu suna ambaton Randa da Wana, tashoshin da aka fara koya wa kakanninsu karatu. A Randa ɗin ne ikilisiyoyin da suka fito daga SUM suka haɗu a 1955 suka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN. A wancan zamani ba a yi wa mutum baftisma sai ya zauna ajin tambaya da amsa, a wurare da yawa ma ana so ya iya buɗe littafi ya karanta da kansa, saboda haka karatun boko da bangaskiya tare suka shiga gidajen. Daga baya Anglika suka kafa dayosis ɗinsu na Lafiya a 1999, Katolika a 2000, da babbar majami'arsu ta St. William, inda Bishop David Ajang ya gaji Matthew Ishaya Audu a 2021. Harsunan gida ma sun samu nasu rabon: Tibi suna da cikakken Littafi Mai Tsarki tun 1964, Eggon sun samu Sabon Alkawari a shekarun 1970, Migili da Mada suka biyo baya. Amma a gidan da miji da mata ba ƙabila ɗaya ba ne, kuma irin waɗannan gidaje sun cika Lafiya, na Hausa ake ɗauka, ko tsohon na 1932 da dattawa ba sa yarda su rabu da shi, ko sabon juyin 1979.

A irin wannan gida na sauka. Mai masaukina tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, dattijo a majami'arsu. Shi Eggon ne, matarsa Mada, da Hausa suka yi zance tun suna saurayi da budurwa, da ita suka reni 'ya'yansu. A gidan akwai jikoki, da 'yar ƙanwar matar da ke karatu a kwaleji, da mahaifiyarsa, tsohuwar da ta sauko daga dutse ba ta taɓa shiga aji ba, kowa yana ce mata Kaka. Tun da dare ya sanar da ni cewa a gidansa baƙo ba ya tsallake sujadar safe.

Da asuba, ladanin masallacin unguwa yana kiran salla, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Babu wuta, sai fitila mai caji a kan tebur. Yara suka fito lulluɓe da zannuwa, ƙaraminsu yana tafe ido rufe. Mama, matar mai masaukina, ta ɗauko waƙa ba tare da ta buɗe littafi ba, aka amsa, muryoyi a dushe da farko, kafin baiti na biyu sun warware. Kaka ta fi kowa sanin baitocin. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya, amma da an faɗi lambar waƙa ta san ko wacce ce, domin shekara da shekaru tana rera su a zumuntar mata.

Karatun ranar a Luka ne, sura 19, labarin Zakka mai karɓar haraji. Aka bi layi, kowa aya ɗaya. Da aka zo kan wata yarinya 'yar aji uku sai ta tsaya cak a wata kalma. Ba wanda ya karɓe mata. Baba, mai masaukina, ya miƙa yatsa ya ɗora ƙarƙashin kalmar, suka rarraba ta gaɓa-gaɓa har ta fita. 'Yar kwaleji ta karanta shafin ranar a littafin ibada, ba ta ɗauki minti uku ba. Sai Baba ya rufe littafin, ya cire tabarau, ya dubi jikansa namiji.

Ya ce, “Kai, da Zakka ya ce zai mayar wa mutane abin da ya ƙwace musu, wa ya tilasta masa?”

Yaron ya ce, “Ba kowa, Baba.”

“To, jiya da Mama ta aike ka sayen gawayi, canjin fa?”

Ɗakin ya yi tsit. Can yaron ya ce yana aljihun wandon makaranta. Ba a daka masa tsawa ba, ba a taɓa shi ba. Baba ya ce in an tashi ya ɗauko ya kai mata, ya ba ta haƙuri. Na zaci magana ta ƙare, sai Mama, wadda ke sayar da agushi da riɗi a kasuwa, ta ce labarin ya fi shafarta a kan yaron. Ta ce kowa a layinsu ya san mudun saye da mudun sayarwa, da wanda aka buga wa gindi ya shige ciki, kuma ranar da ciniki ya ƙi, zuciya takan raya mata ita ma ta yi. Ta roƙi a sa ta a addu'a. Kaka ta nemi a mayar mata da zancen cikin Eggon, ɗanta ya mayar, ta yi dogon jawabi, ya juya mana shi da Hausa: labarin wani mutum ne a ƙauyensu da ya riƙa matsar da iyakar gona kunya-kunya kowace damina, da yadda 'ya'yansa suka gaji gabar. Daga nan aka yi addu'a, domin marasa lafiya, da masu jarrabawa, da gwamna da sarki, da maƙwabta, da manoman wajen Keana da Awe da Doma da ke fargabar zuwa gona. Aka rufe da Addu'ar Ubangiji. Ba a cika rabin sa'a ba, tsintsiya ta fara aiki a tsakar gida.

Marubucin shafin nan bai san yaron ba, bai san canjin gawayi ba, bai taɓa ganin mudun Mama ba. Abin da ya yi shi ne ya tara mutanen gida wuri ɗaya a sa'a ɗaya, ya buɗe wa babba hanyar shiga maganar da in ba haka ba sai da faɗa ko bulala. Abin da ya fi taɓa ni kuwa, babba ma bai tsira daga shafin ba. Yaron ya ji da kunnensa cewa Mama tana fama da irin jarabar da ta kayar da shi jiya, kuma ba ta ji kunyar faɗa a gaban jikoki da baƙo ba. Fastoci sukan kafa hujja da Maimaitawar Shari'a sura 6 da Karin Magana sura 22 in suna yi wa iyaye gargaɗi kan koyar da yara a gida. A ɗakin nan na ga yadda gargaɗin yake in ya sauko daga bagade, kuma na tabbata rabin aikin yana cikin tambayar da Baba ya yi bayan an rufe littafi.

Ba kowane littafi ke buɗe wannan hanya ba, kuma ina ganin ya kamata a faɗa. Na duba wasu a shago, shafi bayan shafi alkawarin buɗi ne da ɗaukaka da faɗuwar maƙiya, a ƙasa a jera wa mutum kalmomin da zai furta da ƙarfi. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata yana bukatar ƙarfafawa, ban raina wannan ba. Amma yaron da ya tashi kullum yana jin cewa duk matsalarsa daga maƙiya take, yaushe zai koyi duba kansa? Ga shi a ƙasa irin wannan maganar maƙiyi tana da nauyi. Mutanen Lafiya ba su manta da kisan da aka yi a Alakyo a watan Mayun 2013 ba, da rikicin Assakio da ya biyo baya, da rigingimun manoma da makiyaya da suka sha raba mutane da ƙauyukansu a kudancin jihar. Akwai gidajen da in aka zo shafin gafara, wadda ake karanta wa ita ce matar da aka kashe mijinta a gona, 'ya'yanta suna zaune suna ji. Irin wannan gida yana bukatar marubucin da ya san zafin abin, wanda ba zai ce mata ta manta ba, ba kuma zai ba 'ya'yanta wuƙa a hannu ba.

Wannan yana da alaƙa da abin da na gani ran Juma'a a wajen babban masallaci kusa da fada. Masu littattafai sun baza kayansu a tabarma, Alƙur'ani da Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi da Hisnul Muslim, iyaye suna tsugunne suna zaɓar wa yara. Damuwarsu ita ce damuwar wata mai saye da na gani a shagon hanyar Jos tana juya littafi tana tambayar ko yaro ɗan shekara takwas zai gane shi. A ƙabilun wannan yanki ba baƙon abu ba ne ka sami zuriya ɗaya rabi Musulmi rabi Kirista. Ƙanin mai masaukina Musulmi ne, jikokin gidan sukan je cin naman Salla wurinsa, nasa sukan zo cin shinkafar Kirsimeti. Tarbiyyar da ba ta koya wa yaro yadda zai riƙe bangaskiyarsa ya kuma girmama baffansa ba, ba ta Lafiya ba ce. Littafin da aka rubuta a Amurka, komai kyansa, bai san da wannan baffa ba.

Inda giɓin ya fi faɗi shi ne wajen yara. Littattafan labarai masu hotuna suna nan, amma kusan duka da Turanci, yara a ciki suna wasa da dusar ƙanƙara. Iyaye suna saye, kuma ba zan zarge su ba, domin da Turanci ake rubuta WAEC da JAMB. Sai dai abin da ke biyo baya shi ne yaro yana jin Hausa, yana wasa da ita a layi, amma in aka miƙa masa littafi sai ya kasa karanta ta, kamar yadda yarinyar nan ta tsaya. A gidaje da yawa an warware matsalar ta hanyar mayar da sujadar safe Turanci zalla. Ranar da aka yi haka, Kaka ta fita daga zancen, tana zaune a ɗakin amma ba da ita ake yi ba, labarin iyakar gona kuma ba mai jin sa.

Hausa ba ta gaza ba a wannan fage. Abubakar Imam ya nuna tun a shekarun 1930, da Magana Jari Ce, cewa ana iya cusa wa yaro hali ta hanyar labari mai daɗi ba tare da ya ji ana yi masa wa'azi ba. Marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun nuna cewa littafin Hausa yana sayuwa ko ba hannun gwamnati. Ina takwarorinsu a cikin ikilisiya? Jos tana da kamfanin littattafai na Challenge, Bukuru tana da ACTS da ke wadata makarantun tauhidi da littattafai, amma ƙaramin littafin da uwa za ta karanta wa ɗanta, wanda yaran cikinsa ke kiwon awaki, suna tallan lemu, suna fuskantar satar amsa a jarrabawa, shi ne ba a cika gani ba. Masu iya rubuta shi suna nan. Akwai fastocin da suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa, akwai tsofaffin malamai irin mai masaukina, akwai matan zumunta da kowace shekara suke ƙirƙiro sababbin waƙoƙi daga nassi ba tare da wani ya kira su marubuta ba.

Mai shago ta fahimtar da ni ɓangaren kuɗi. Takarda daga waje ake shigo da ita, domin masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasa. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kuɗin bugu da na mota daga Jos ko Legas suka yi sama tare. Littafin ibada kuma kaya ne mai kwanan wata: wanda bai fita ba zuwa watan Maris ya zama asara a wuyan mai shago, shi ya sa kowa yake saro kaɗan. Na Hausa ana buga shi da ƙaranci, ƙarancin yana ƙara masa tsada, ya ƙare da wuri, sai a ce babu. Gidan da a da kowane babba yake da nasa, yanzu guda ɗaya ake saye a ajiye a falo.

Waya ta shigo ta toshe wani ɓangaren. Da sassafe ake tura shafin ranar ta WhatsApp, kuma a ɗan katin waya ana iya zuba wa tsohuwa karatun Sabon Alkawari da Hausa ko da harshenta, ta saurara tana ɓarar gyaɗa. Sauraro ba sabon abu ba ne a nan. Dattawa suna tuna gidan rediyon ELWA daga Monrobiya, da Muryar Bishara da ake naɗa a Jos a watsa daga Addis Ababa tun 1963, har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Bambancin shi ne rediyo ɗaya ce a gida, kowa ya kewaye ta, waya kuwa kowa da tasa. Na ji wani fasto yana roƙon iyaye cewa in ma da waya za a yi, a ajiye guda ɗaya a tsakiya, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi.

Wata yamma Mama ta tafi da ni taron zumuntar mata. Tun daga ƙofar majami'a ake jin tulu da caki. Mata sun cika bencina cikin zane iri ɗaya, wasu da goyo, wasu sun taho kai tsaye daga kasuwa da kwandunansu. Bayan waƙa da nazari, shugabarsu ta fito da littafin lissafi ta fara kiran suna. Tun watan Oktoba suke tara kuɗi kaɗan-kaɗan domin su sayi littattafan ibada a sari. Kaso na farko na gwauraye ne da waɗanda ba su da hali, sauran kuma za a ɗaure a kwali a kai tasha, a ba direbobin Obi da Keana da Awe da Doma su sauke wa ƙananan majami'un ƙauye. A can, in ji ta, ba kowane gida ke da mai karatu ba, saboda haka mai bishara yakan buga ƙararrawa da asuba, a taru a majami'a ya karanta wa kowa shafin ranar kafin a wuce gona.

Na ce wa shugabar, “Mama, na bara fa, ina ake kai su?”

Ta nuna mini wani kwali a bayan bagade, cike da tsofaffin kofe, bangayensu sun naɗe, wasu da rubutun biro a gefen shafi. Ta ce da su ake koya wa mata karatu a ajin yamma, domin shafukan gajeru ne kuma matan sun riga sun san labaran da ka. Ajin bana zai fara bayan an gama shigar da shinkafa gida, kuma masu son shiga sun fi littattafan da ke kwalin yawa, don haka za a zaunar da su bibbiyu.